Rijiyar da Ta Ci Sati

Idan ka ga wani baƙin mutum mai faɗin kafaɗa yana tura keke a gefen titin Samaru, da igiya naɗe a sirdi da fitilar ƙwai tana reto a hannun keken da rana tsaka, to Shekari ne mai haƙar rijiya. In za ka gaishe shi ka bi ta damansa, domin kunnen hagun ya daɗe da ajiye aiki. Tafiyarsa a hankali, maganarsa a hankali, har 'yan acaɓa kan tsokane shi su ce Baba, in ka tashi daga Samaru yau, sai Kirsimeti za ka isa Sabon Gari. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce sannu ba ta hana zuwa. Baƙo zai rantse haka aka haife shi, amma tsofaffin unguwarsu, Hayin Dogo, sun san ba haka ba ne.

Daga Kudancin Kaduna ya zo Zariya yana saurayi, shi da ƙanensa Sati, uwa ɗaya uba ɗaya. A wurin wani tsoho a Bomo suka koyi haƙa da yasar rijiya. Ƙarfi kam Allah ya ba Shekari, sai dai ya haɗa masa da zuciya, ita kuwa zuciya mugun nama ce. Hannunsa kan riga bakinsa isa wurin magana. Ya taɓa zubar wa kwandastan bas haƙora biyu a Kwangila don kawai motar ta daɗe tana jiran fasinja. Ya taɓa ɗaga wani birkila ya jefa shi cikin kwaɓaɓɓen siminti. Ranar Lahadi kuwa shi ne a layin gaba a majami'a, ya fi kowa ɗaga murya, kuma addu'arsa ma irin halinsa ce: yana roƙon Ubangiji kamar mai aiken yaro kanti, a kawo yanzu, kada a tsaya wasa a hanya. Matarsa Janet takan ce masa, Baban Peculiar, kai ko Allah ne sai ka sa masa agogo.

Abu ɗaya tsohon nan na Bomo ya nanata musu har ya mutu. Tsohuwar rijiya tana tara mugun iska a gindinta, ba ya wari, ba a ganinsa, yana kayar da ƙato kafin ya ce wayyo. Don haka ba a shiga sai an zura fitila mai ci. In ta isa ƙasa tana ci, bismilla. In ta mutu, a sassaro rassan mangwaro masu ganye, a ɗaure a igiya, a yi ta jefawa ana ja har iskar sama ta sauka, a sake zura fitila, a jira. Sati yana bin wannan kamar dokar coci, don shi mutum ne mai sanyi, mawaƙi a ƙungiyar mawaƙa, ko tuwo yake ci sai kowa ya wanke hannu ya bar shi. Shekari kuwa wannan jiran ya fi masa haƙar dutse wuya.

A bazarar 2003 wani ɗan majami'arsu, Oga Gregory, mai sayar da injinan jan ruwa a unguwar PZ, ya kira su yasar rijiyar gidansa da ke unguwar Jama'a. Gida ne babba, shi da iyalinsa a gaba, 'yan haya a baya. Ruwan da ya rage a ƙasa ya yi baƙi, sai Gregory ya ce jan guga ɓata lokaci ne, ga inji. Tiyo bai kai ba, sai ya sa aka zura injin da kansa cikin rijiyar yana aiki yana ta tuƙa hayaƙin fetur. Shekari bai hana ba, don yana da wani aikin da ke jiransa a Bomo. Da aka kashe inji aka jawo shi, Sati ya ɗauko fitila zai kunna. Gregory ya duba agogonsa ya ce shago na jiransa. Shekari ya daka wa ƙanensa tsawa ya ce ya ajiye wannan tarkacen ya sauka. Sati ya ajiye, ya sauka.

Bai kai ga ɗaga shebur ba ya zube. Shekari ya leƙa ya ga haka, bai ɗaura igiya a ƙugu ba, bai ce wa kowa komai ba, ya bi matakan bango kamar wanda ake kora, ya isa ƙasa, ya shaƙa, shi ma ya kife a kan ɗan'uwansa. Maƙwabta suka kawo ƙugiyar ciro guga. Shekari da ke kwance a kan Sati shi ƙugiya ta samu. Ta kama shi a haƙarƙari ta yaga nama kafin ta riƙe bel ɗinsa, kuma ƙato ne, sai da maza suka yi ta fama kafin suka fito da shi. Duk wannan lokacin Sati yana kwance a ƙasa. Da aka zo kansa, sai gawa.

Shekari ya farfaɗo a asibiti da ɗinki a gefen ƙirji, aka gaya masa, bai yi kuka ba. Ana gama jana'iza ya ɗauki ƙotar diga ya hau bas zuwa PZ. Ya tarar da Gregory a bakin shago, ya sauke masa ita a kafaɗa, ƙashi ya ce ƙas. Ya farfasa gilashin shagon, ya tattaka injinan da ke jere, ya koma kan mutumin yana duka yana kiran sunan Sati. 'Yan kasuwa suka taso masa da rodi da katako, ɗinkinsa ya farke, jini ya wanke masa wando, da ƙyar aka raba. Ya kwana a kulle a hannun 'yan sanda, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Gregory ne da kansa, hannu rataye a wuya, ya je ya ce ya janye ƙara. Dattawan ikilisiya suka sa Shekari a horo, suka hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da ake ci a majami'a, sai ya nemi gafara. Ya ce su riƙe abinsu.

Gregory ya sa aka rufe rijiyar da murfin kankare. Shekari ya bi masu haƙar rijiya ɗaya bayan ɗaya, daga Bomo har Muciya, ya gaya musu duk wanda ya taɓa rijiyar nan shi da shi ne. Babu wanda ya yi musu, don sun ga kafaɗar Gregory.

Daga nan addu'arsa ta koma guda ɗaya. Safe da yamma yana durƙusawa yana cewa Ubangiji, ka gani, ka saka, kuma ka yi da wuri. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Maimakon tsawa ta faɗo wa Gregory, sai shagonsa ya zama biyu, ya sayi mota, ɗansa Eric ya gama makaranta ya kama kasuwa tare da shi. Kowace Lahadi Shekari na zaune a bencin baya yana kallon ƙeyar mutumin, haƙoransa na cizon juna, ana waƙa shi yana jin muryar da babu a cikin mawaƙa. Fasto ya zo gida ya gaya masa sakayya ta Allah ce, kuma lokacinsa ba irin namu ba ne. Shekari ya ce ai ya ba Allah lokaci har ya yi yawa. Ranar nan da faston ya fita, ƙofar ɗaki ce ta sha naushi har ta tsage.

Gaskiya dai, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk Hayin Dogo an san wanda ya ce a ajiye fitila, an kuma san wanda ƙugiya ta fara cirowa. Amma wa zai faɗa? Janet kaɗai ke kwana da abin a ranta, tana kai shi taron Zumuntar Mata na majami'a tana kuka ba ta ce ga dalili ba. Tsoronta ɗaya ne, kada mijinta ya mutu da jinin mutum a hannunsa.

Bazarar 2007 ta zo da zafi mai tsanani, famfo ya ƙafe, 'yan garuwa suka yi tsada. Wata Asabar da hantsi Shekari na gyaran keke a tsakar gida, sai wani abokin sana'a ya tsaya a ƙofa ya ce ya ji Oga Gregory ya fasa murfin rijiyar nan, wai 'yan haya sun dame shi. Shekari ya ajiye sifana. A wurinsa rijiyar nan kabarin Sati ce, ko da ba a can aka binne shi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da adda, ya zauna yana wasa ta a dutse. Janet ta bar wanke-wanke ta tsaya a bakin ƙofar gida. Ya ce ta kauce, ya jira Allah ya gaji, yau shi zai yi aikin da kansa.

Ta ce, "Baban Peculiar, kafin ka wuce, ka amsa mini. Ranan nan, wa aka fara cirowa? Da ka tsaya a sama da igiya a hannunka, wa ƙugiya za ta kama?"

Bai taɓa dukanta ba tun da suka yi aure, ranar ma bai doke ta ba, amma turewar da ya yi mata sai da ta faɗa kan kwanuka. Ya naɗe addar a buhu, ya hau acaɓa. A hanya maganarta tana ta sukarsa daidai wurin tabon ƙugiya, shi kuma yana ƙara matse buhun.

Tun daga bakin layi ya ji kururuwar mata. Ya kutsa cikin gidan ya tarar da tsakar gida cike, kowa ya yi dafifi a bakin rijiya. Abin da ya faru shi ne, Gregory ya nemi mai yasa ya rasa, kowa na tsoron Shekari, sai ya tuɓe riga ya ce shi ma namiji ne, ya bi matakan bango ya sauka. Rijiyar da ta shekara huɗu a rufe. Yanzu yana can ƙasa a jingine da bango, ruwa iya cinyarsa, ana kira ba ya amsawa, sai wani gurnani da ke fitowa jefi-jefi.

Buhun ya zame, addar ta fito fili, mutane suka ja da baya. Kowa ya san shi, kowa ya san abin da ya kawo shi. Shekari ya leƙa. Abin da ya shekara huɗu yana roƙo ga shi an ajiye masa, ba sai ya ɗaga hannu ba, tsayawa kawai zai yi ya kalla. Wani daɗi mai ɗaci ya taso masa har maƙogwaro, kuma ba zai yi ƙarya ba, ya ji daɗin.

Sai ya ga Eric ya cire takalmi ya zura ƙafa ɗaya a rijiya yana kuka yana kiran babansa. Ba igiya a ƙugunsa. Shekari ya ga kansa sak. Ya cafko saurayin ta wuyan riga ya fizgo shi waje. Eric ya kai masa duka ya sake yunƙurawa, Shekari ya narka masa naushi a baki, ya zube can gefe. Wannan shi ne naushi na ƙarshe da ya yi a rayuwarsa.

Ya ce a kawo fitila. Wata 'yar haya ta miƙo tata. Ya kunna, ya ɗaura a igiyar guga, ya zura. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya juya ga mangwaron da ke tsakar gidan, ya ɗaga addar da ya wasa domin wuyan mutum, ya sassaro rassa, ya ɗaure su dami guda, ya jefa a rijiya ya fara ja yana saki, ja yana saki, ba ya barin damin ya kai kan na ƙasa.

Su kuwa mutanen abin da suka gani daban ne. Sun ga maƙiyin maigida ya zo da adda, ya fasa wa ɗansa baki, ya tare bakin rijiya yana wasa da ganye, mutum na mutuwa a ƙasa. Wani ya ce so yake sai ya cika. Wani ya ce ai dama ya rantse. Mutanen shagon Gregory da aka kira a waya suka iso daga PZ a kan babura, wasunsu ma sun san ƙotar digar nan. Ba su tambayi komai ba. Na farko ya sauke masa katako a gadon baya. Na biyu ya kawo bulo ya buga masa a gefen kai, kunnen hagu ya yi wata ƙara ya ɗauke, jini ya gangaro masa har cikin riga. Suka yi ta tafkarsa da bel da ƙafa da duk abin da hannu ya samu, mata na cewa a kashe shi, wasu na cewa a bari.

Addar tana nan kusa da ƙafarsa. Da Shekarin da ne, da an kwashi gawa fiye da ɗaya a gidan nan. Amma hannayensa biyu suna kan igiya, in ya saki don ya rama, damin zai faɗa kan Gregory, iskar kuma ta tsaya. Ya durƙusa, ya manna ƙirji da bakin rijiya, ya ba su baya, ya ci gaba da ja. Abin da ya fi dukan ciwo shi ne shi kansa bai tabbata ba: iska yake jira, ko mutuwar mutumin? Ya ce a ransa, Ubangiji, ni ban san zuciyata ba, kai ka sani, ka riƙe ni kada in yi sauri, kada kuma in yi jinkiri.

Ya jawo damin, ya sake kunna fitila da yatsu masu jini, ya zura. Ta wuce rabi, ta yi ja, ta mutu. Wani ya ƙara masa ƙafa a haƙarƙari, daidai tsohon tabo. Jikinsa duka na ce masa ya faɗa kawai a gama, ko ya mutu ko ya fito da shi, duk ya fi wannan. Ya mai da ganye ya ci gaba. Gurnanin ƙasa ya yi rauni, har ya zama sai ya kasa kunnen da ya rage masa kafin ya ji.

A zurawa ta uku masu dukan sun gaji, wasu sun fara leƙawa tare da shi. Fitilar ta sauka tana juyi, ta wuce inda ta mutu ɗazu, ta yi kamar za ta ɗauke, ta farfaɗo, ta tsaya dab da ruwa tana ci, har ana ganin furfurar kan Gregory. Shekari ya ɗaura igiyar a wani ƙarfe ya bar fitilar a can. Ya karɓi igiyar shanya mai kauri ya ɗaura a ƙugu, ya miƙa bakinta ga mutanen da suka gama fasa masa kai, ya ce su riƙe da kyau. Suka riƙe.

A ƙasa sanyi ne da warin laka. Gregory na zaune daidai inda Sati ya kwanta, baki a buɗe, kafaɗar nan da aka karya ta karkace. Shekari ya sa hannu a wuyansa. Babu mai ganin abin da yatsu ke yi a gindin rijiya, kuma wuyan ya yi laushi ƙwarai. Jijiya tana bugawa a hankali a ƙarƙashin babban yatsansa. Ya daɗe yana jin bugun nan fiye da yadda aikin ke bukata. Sannan ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ya zagaya ta ƙarƙashin hammatar mutumin, ya ƙulle, ya ce a ja.

Ya tallafa ƙafafun har suka fi ƙarfin hannunsa. Ya ga an fitar da shi, ya ji ihu ya tashi, ya ji ƙafafu na gudu, mota ta tashi, gidan ya yi tsit. Igiya ba ta dawo ba. Kowa ya bi mara lafiya, an manta da na ƙasa. Ya gwada taka matakin bango, haƙarƙarinsa ya ƙi, hannun dama ya kumbura ba ya damƙa.

Ya buɗe baki zai yi irin tsawar da ya saba, sai ya fasa. Ya zauna cikin ruwan ya jingina da bango. A nan Sati ya kwanta, ana can sama ana fama da yayansa mai gaggawa. Kukan da bai yi a asibiti ba, bai yi a bakin kabari ba, ya zo masa a nan, ya yi shi har ya ƙoshi. Ya nemi gafarar Sati, ya nemi ta Janet da ke can cikin kwanuka, sannan ya ce Ubangiji, ga ni, duk lokacin da ka ga dama. Fitilar na ci a gefensa, sama kuma ta zama ɗan farin faifai can nesa, ya zuba mata ido yana jira.

Inuwa ta ɗan karkata a bangon rijiyar kafin wani kai ya leƙo. Eric ne, leɓe a kumbure, magana na fita da ƙyar. Sai a asibiti ya tuna da shi, ya hau acaɓa ya dawo da mutum biyu.

Ya ce, "Baba, babana ya buɗe ido. Ga igiya nan, ka yi sauri ka kama."

Igiyar ta sauko ta taɓa masa kafaɗa. Shekari ya kama ta da hannun hagu, ya fara zagaya ta a ƙugu, ƙulli bayan ƙulli, yana gwada kowanne.

Ya ce, "Ina zuwa, ɗana. Bari in ɗaura da kyau."